Giwar Akawu

Kowace safiya, kafin ya sa komai a bakinsa, Akawu yakan tayar da motarsa ya bar ta tana gurnani a tsaye. Shi kuma ya zauna a benci, kai a karkace, yana sauraronta kamar mai karɓar gaisuwar suruki. In ta ɗumama sai ya kashe, ya goge tambarin gabanta da hankici, ya mayar da tamfol. Tafiyar ranar ke nan.

Giwa ake ce mata a layin. Doguwa ce, baƙa, mai kujerun fata. Asali ta shugaban kamfanin da Akawu ya yi wa aiki ce, ya daɗe yana kallonta ta tagar ofis. Da ya yi ritaya, ita ma an yi mata, sai suka taho gida tare.

Bai taɓa yarda bakanike ya taɓa ta ba. "Hannun da ya taɓa motar haya," in ji shi, "ba ya taɓa wannan." Da kansa yake canza mai da filogi, kuma a faɗi gaskiya, yana da hannu. In zai fita da ita, iyakarsa shagon aski a ƙarshen layi, a hankali, don jama'a su samu damar gaisawa. Masu keke sukan nemi gafara kafin su wuce shi.

Ranar da ya kawo Giwa gida ya yi wa matarsa alkawarin zai kai ta a ciki wurin Yayarta, wadda ta rene ta, can wani gari mai nisa. Ya ƙara da cewa matar mai Giwa ba ta shiga motar haya. Ita kuwa mace ce mai haƙuri, sai ta zauna jira. Yaya dai ba ta tsaya jira ba, tana ta tsufa abinta.

Ana nan sai Giwa ta fara tari. Tana karkarwa, salansa na fitar da baƙin hayaƙi har maƙwabta suna kwashe shanya. Akawu ya buɗe inji ya haska tocila, ya ga kunkunniya ta daskare a kan bawul kamar rufin tsohon madafi.

Ɗansa ya leƙa ya ce, "Baba, zama ne ya yi mata yawa. Doguwar hanya take so, a taka mata totur ta ƙone dauɗar nan. Ka kai Mama wurin Yaya, ka ga an huta duka."

"Kai, a ina ka ga an sa mara lafiya gudu? Sai ta warke tukuna."

Matar tana wanke-wanke, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni dai tukunyar da na fi lallaɓawa a ƙaramar wuta, ita ta fi baƙin gindi."

Akawu ya ce ba da tukunya ake magana ba.

Ya kwance kan inji, ya jera kayan a teburin cin abinci bisa tsofaffin jaridu. Mutanen gida suka koma ɗora kwano a cinya. Robar wanki ta zama ta kananzir, buroshin haƙori ya samu sabon aiki. Abokansa suka riƙa zuwa dubiya, yana ɗaga bawul ɗaya mai ƙyalli da ɗaya mai baƙi yana musu bayani. Wasu na cewa ya fi jin daɗin Giwa a kan tebur fiye da a kan titi. Allah Ya san gaskiya.

Wata rana matar ta kira Yaya a waya. Yaya ta saurara, sannan ta tambaya cikin ladabi ko wace ce. Da gari ya waye, jakar matar tana bakin ƙofa.

Akawu ya ce, "Uwar yara, kaɗan ya rage fa."

"Malam, a can ma kaɗan ya rage."

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Daga nan ya ɗauki jakar da kansa ya raka ta tasha, ta lungun baya. Da suka yi kiciɓis da mai aski, Akawu ya ce tela zai kai wa jakar a gyara zif. Ta tafi. An ce Yaya ta gane ta, bayan ta ɗan shafa fuskarta.

Ba ta daɗe da dawowa ba ciwo ya kwantar da Akawu. Likita ya ce zama ne ya yi masa yawa. A motar haya aka kai shi asibiti, ya roƙa a kwantar da shi a baya har a fita daga layin. Bai dawo ba.

Giwa tana nan ƙarƙashin tamfol. A kan tebur rabin bawul ɗin suna ƙyalli, sauran suna jiran layi. Ɗaya an kankare masa gefe guda, buroshi na jingine da shi, kananzir ɗin roba ya bushe.