Baƙuwar da Muka Kwanto Daga Gindin Tsamiya

Shekarun baya, da wani ya ce mini wata rana za a ga kwanon kare a gidana, da na ce a duba lafiyar kansa. A Azaren da na tashi, kare na mafarauta ne da makiyaya, idan ya biyo ta unguwa kuwa dutse ake nema. Aiki ya kai ni ƙasashe da dama, na ga yadda kowa yake yi da nasa. A Sudan na ga karnuka suna kwance a inuwar kasuwa ba mai kula su. A Ingila na ga wata tsohuwa ta sa wa karenta rigar sanyi, tana ba shi haƙuri don ta makara da abincinsa. Da na dawo gida, labarin tsohuwar nan ya zama abin da nake nishaɗantar da majalisarmu da shi. Yau a wannan majalisar, ni ne labarin.

Wata damina ce ruwa ya yi yawa, kogi ya cika ya shanye ƙauyukan da ke kewayen Katagum. Ina da dangi a can, sai na haɗa gero da tabarmi na tafi jaje. Daga inda mota ta tsaya sai kwalekwale. Wani abokina tun na yarinta, masunci ne, shi ya ɗauke ni. Muna ratsa inda a da gonakin dawa ne, sai na ji wani kuka siriri. A kan wani ɗan tudu, ga wata ja'ar karya a ɗaure a jikin tsamiya da igiyar ɗaure maruƙa. Bukkokin wata rugar Fulani da ke wurin duk sun nutse, ruwa ya kai mata ƙirji, ta ɗaga kai sama tana rawar sanyi.

Na ce, "Malam, karkata da mu can."

Ya ce, "Alhaji, jajen mutane muka zo ko na karnuka? Dubi farar rigar da ke jikinka."

Duk da mitar, ya karkata, shi ne ma ya miƙo mini wuƙa. Ina yanke igiyar ta faɗo cikin kwalekwalen, ta girgije jikinta, ta wanke ni da ruwan laka tun daga hula har takalmi. Abokina ya yi dariya har sandar tuƙi ta kusa kuɓuce masa. A ƙauyen danginmu na tambaya, ba wanda ya san inda mutanen rugar suka nufa, ba kuma mai son ƙarin baki alhali shi ma yana neman na bakinsa. Haka na sako ta a bayan mota har Azare.

Maiɗakina ta tare ni a tsakar gida, ta dube ni ta dubi abin da ke bayana.

"Alhaji, mutane sun kai taimako sun dawo da lada, kai ka dawo da najasa?"

Na ce, "Hajiya, baƙuwa ce. Da ruwa ya janye za ta tafi."

"To ka kai baƙuwarka turken awaki. Kwanona kuma ko inuwarsa kada ta taka."

A lokacin 'ya'yanmu duk sun yi aure sun watse, gidan ya yi mana girma. Ni ina da majalisa da masallaci, Hajiya kuwa sai rediyo. Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai lura ƙanzon tuwo ya daina zuwa wurin kaji, an kuma ware wani tsohon kwanon sha an ajiye a bakin turke. Wata rana da hantsi na dawo ɗaukar carbi, sai na ji ana hira a bayan gida. Na leƙa. Hajiya ce zaune a kan turmi tana tsinke zogale, tana ba karyar labari da Barbarci. Ita Babarbariya ce. Ni da nake taƙama da Larabci da Turanci da Faransanci da Fulatanci, harshen matata ne kaɗai ban koya ba, ga shi baƙuwa ta riga ni jin sa. Sunan ma ya bi ta, kowa Baƙuwa yake ce mata.

Limaminmu ne ya tada zancen da na yi ta kauce wa. Ya ce, "Alhaji, dabbar da aka samu a ɗaure tana da mai ita. Tsintuwa ce, sai ka yi cigiya." Ya tuna mini kada in faɗi kamanninta duka, wanda ya zo shi zai siffanta. Na sa mai shela ya zaga kasuwar Azare da ta Katagum. An yi cigiyar akuya a garin nan, an yi ta jaki, amma ta kare sai a kaina. Har wani mafarauci ya zo da rantsuwa cewa nasa ne, baƙi, namiji. Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi ƙofa.

Hajiya kuwa da ta ji zancen cigiyar, sai ta ajiye mini abinci ba ko sannu.

"Wa ya aike ka? Mai ita da ya damu da ita, da ya bar ta a bakin ruwa?"

Na san ranar da wani ya zo ya faɗi siffar daidai, dole in miƙa, gidan kuma ya koma shirun da yake ciki. Ana cikin haka Baƙuwa ta haihu. Ashe da ciki muka tsamo ta.

Bayan an cire amfanin gona, wata rana da azahar, wani dattijon Bafillace ya yi sallama. Siriri ne, da malafa da sanda a kafaɗa. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, muka gaisa da Fulatanci. Na ce ya siffanta mini abin da ya ɓace masa.

Ya ce, "Mace ce, ja. Ƙafarta ta baya ta hagu ta rasa yatsa ɗaya, saniya ta taka ta tana ƙarama. Igiyar da ke wuyanta ni na tufka."

Siffar ta yi daidai. Bai jira na ce komai ba, ya yi wani ɗan fito. Sai ga ta da gudu daga bayan gida, ta zo tana jan ciki a ƙasa har ta ɗora haɓarta a kan ƙafarsa. Dattijon ya ja malafa ya rufe fuska.

Can ya ce, "Na ɗaure ta ne don kada ta bi mu cikin ruwa da cikinta. Na ce in haye da shanu in dawo. Ruwa ya tafi da yawancin shanun, ya kuma hana ni komowa. Tun ranar, kukanta nake ji."

Ya ce yanzu danginsa sun tallafa masa bisa al'adarsu. Idan makiyayi ya rasa garke, ɗan'uwa yakan ba shi aron saniya ya riƙe. Abin da ta haifa nasa ne, uwar kuma ta koma wa mai ita. Ya ce, "Haka za mu yi, Alhaji. 'Ya'yan naku ne, uwar ta bi ni."

Sai murya ta fito daga bayan ƙofar zaure. Ashe Hajiya tana nan tsaye.

"Kai bawana, ashe kai ne mai ɗaure mace mai ciki ka gudu?"

Dattijon ya ɗago, ya ji karin harshenta, sai murmushi ya ƙwace masa. Tsakanin Fulani da Barebari ai ba a rasa wasa. Ya ce, "Ashe gidan bayinmu ta faɗo. Shi ya sa ta yi ƙiba, ba aiki sai hira."

Hajiya ta ce, "To ubangidana na ƙarya, a juya al'adar. Sabon garke matasa yake so. In an yaye su ka kwashe 'ya'yan, ka bar mini tsohuwa. Mu tsofaffi mun saba da juna."

Muryarta ta ɗan karye a ƙarshe, ya kuwa ji. Ya daɗe yana shafa kan karyar. Sannan ya ce, "Ni na ɗaure ta, ku kuka kwance ta. Ba ni da bakin jayayya." Ya tura ta da hannu wajen ƙofa, ta tafi ta kwanta kusa da ƙafar Hajiya.

Da aka yaye 'ya'yan ya dawo ya kwashe su. Har yanzu in ya shigo kasuwa yakan biyo da man shanu a ƙwarya, Hajiya ta ce bawa ya kawo gaisuwa, shi kuma ya ce ya zo duba yadda bayi ke kiwon dukiyarsa.

Baƙuwa ta tsufa yanzu, bakinta ya yi furfura kamar gemuna. Ba ta taɓa shiga ɗaki ba, kwanonta daban yake, kuma ban ɗinka mata rigar sanyi ba, ko da yake na taɓa kama Hajiya tana shimfiɗa mata tsohon bargo. Nakan tuna tsohuwar nan ta Ingila, in ce wataƙila ita ma 'ya'yanta sun watse ne, gida ya yi mata girma. Na daina ba da labarinta a majalisa. A layinmu kuma ba a ƙara jifan kare ba, don duk wanda ya ɗaga dutse ya san da Hajiya zai haɗu.