Kuɓewar Inna a Cikin Damin Kara

Duk tsufan da zan yi, ba na jin zan manta da daminar da na shuka kuɓewa ba tare da na haƙa ƙasa ba. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ban daɗe da gama sakandare ba, aka mayar da maigidana koyarwa Jega, muka kama haya a gidan wani dattijo mai fataucin albasa daga Aliero.

A shekarar ne Inna, mahaifiyata, ta rasu a Jandutsi. Da aka zo rabon tarkacenta, 'yan uwana suka ɗauki tasoshi da zannuwa, ni kuwa na ɗauki wani ɗan ƙulli a tsumma. Irin kuɓewarta ne, gajeruwa mai jan kara, wadda ta ce ita ma wurin uwarta ta samo. Babu wanda ya adana shi sai ita. Na kuma san iri ba ya son dogon kwana. In damina ta wuce ban shuka ba, wataƙila shi ke nan.

Sai dai tsakar gidan namu siminti ne tun daga bakin zaure har madafa, don a nan mai gidan yake shanya. Ranar da muka tare ya ce wa maigidana, "Malam, komi ku yi, amma kada a fasa mini daɓe."

A bayan madafa akwai dammunan karan shinkafa da maigidana ya sayo daga Kimba saboda ragon layya. Layya ta wuce, suka yi saura, ruwan farko ya jiƙa su. Wata safiya na je zubar da ruwan wanke-wanke, sai na ga ɗan tumatir ya tsiro daga jikin dami, kore shar, ba wanda ya shuka shi. Na daɗe a tsugune ina kallon ikon Allah.

Ran nan na ja dammunan zuwa inda rana take samu, na cusa musu kashin rago, na yi ta shayar da su. Maigidana ya dawo ya tarar da ni.

"Malama, mi na na kuma? Ragon ya tafi, sai ki koma kiwon abincinsa?"

Na ce, "Kai dai ka tanadi tuwo, miya tana hanya."

Ban jira komai ba, na tura rabin irin a ciki. Na yi ta leƙe, shiru. Da na gaji sai na cusa hannu in lalubo, na zare shi da sauri. Cikin damin zafi ne kamar tuwon da aka kwashe yanzu. Ƙwayar da na samo ta dahu, ta narke a yatsuna. Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza.

Ga shi kuma karan ya fara wari. Mai gidan ya yi sallama ya tsaya a zaure, ina jin su daga ɗaki.

"Malam, gida na ba ku, ba juji ba. A kwashe wanga abu."

Maigidana ya ce, "Baba, abin uwarta ne da ta rasu. Ka yi mana haƙuri zuwa tsakiyar damina. In bai yi ba, da hannuna zan kwashe."

Wannan maganar tasa har yau tana raina, Allah Ya saka masa.

Da nake ninke tsumman da sauran irin, sai na tuna Inna a bakin tarin takinta. Ba ta taɓa kai taki gona ba sai ta nutsa gwiwar hannu a ciki, kamar yadda take gwada ruwan wankan jariri. In da zafi sai ta ce, "Bai gama faɗa da kansa ba, a ƙyale shi." Sau nawa na ga haka, amma sai da na yi asara na fahimta.

Daga nan kullum bayan sallar asuba sai in shayar, in nutsa gwiwar hannu. Zafi ya yi ta raguwa, warin ya koma ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa. Ranar da na ji sanyi har ciki, na buɗe 'yan ramuka, na zuba ƙasa cikin tafi a kowane, na yi bisimilla na saka abin da ya rage. Na karkaɗe tsumman, babu ko ƙwaya.

Da suka ɓullo, ban gaya wa kowa ba sai da na ga jan nan a karansu. Suka yi ganye, suka yi fure, na kafa musu karan dawa don kada iska ta kayar. Miyar farko na zuba a kwano na aika wa matar mai gidan.

Washegari sai ga dattijon da kansa ya nemi iso. Ya zagaya dammunan, ya ɗaga gefen ɗaya da sandarsa ya duba simintinsa, lafiya lau. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗiyata, in ta bushe a ajiye mini iri."

Na bar mafi kyawunsu suka bushe a jiki, na raba. Yau har Maiyama akwai gidajen da ake miya da kuɓewar Inna, su ba su ma san sunanta ba, ni kuwa ina fatan ladan yana isa gare ta.

Abin da daminar nan ta koya mini shi ne, duk abin da yake da zafi, dami ne ko zuciya, a bar shi ya huce kafin a ba shi amanar iri.