Motar Surukina da Tarar Dubai

Shekarun baya na tafka wata wauta, kuma tun yanzu in gaya muku, ni ne sakaran labarin.

Abokina na unguwar Tandabawi, nan kusa da Harami, ya ja ni Dubai sarin turare. Akwalar motata ko Jidda ba ta kaiwa sai da addu'a, don haka na ari ta surukina, mijin babbar 'yata, motar da yake jigilar fasinja da ita daga unguwar Ka'akiyya zuwa Harami.

Muna tsallaka iyaka abokina ya ce, "Ya shehi, rage gudu, akwai kyamara."

Ni kuwa, da ilimina na aji huɗu, na yanke fatawa nan take: "Tara ba ta da fasfo. Wa ya san ni a nan?" Na taka mai. Duk inda kyamara ta haska sai in gyara zaman hula.

Bayan mun dawo na lura surukina ya koma zuwa gaishe ni a ƙafa. Zai durƙusa, kai a ƙasa, ya tashi ya tafi. Na ce a raina yaro ya fara motsa jiki, madalla.

Sai da 'yata ta zo rai a ɓace. "Baba, me ka yi a Dubai?"

Ashe ƙasashen sun ƙulla yarjejeniya, tarar can tana biyo lambar mota har gida. Surukina ya je sabunta istimara, wato takardar mota, aka ce sai ya biya. Ba shi da kuɗin. Mota tana ajiye, ga azumi ya ƙarato, lokacin da mai jigila ke samun na shekara.

Raina ya ɓaci, har yau ma bai gama hucewa ba. Mutanen da ganin wata ma ba kullum suke haɗuwa a kai ba, a kan tarata ce bakinsu ya zo ɗaya? Wa aka shawarta?

Na biya dai ina huci, mota ta koma hanya. Na shigo gida ina ta faɗa: "Shi ma da laifinsa! Ba shi da baki ne? Da ya gaya mini tun farko!"

Matata ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafa. Ta ce, "Malam, yaron da ba ya iya haɗa ido da kai ne zai zo ya ce ka yi ganganci? Shi ya ji kunyarka. Kai ne ba ka ji tasa ba."