Kwamin da Shanun Baffa Suka Ƙi Sha

Shanu tara ne suka rage wa Baffa, ƙanen mahaifina, a shekarar da nake faɗa. Kakanninmu sun kora garke mai yawa, amma tun da aka sare dajin Gadarif aka mai da shi mashru'i, manyan gonakin nan da tarakta ke nomawa, burtali ya toshe, kowa ya sayar da nasa ya kama aikin dawa da riɗi. Baffa kaɗai ya ƙi. Ni a lokacin ina da mata da 'ya'ya biyu, ina ɗinkin buhu da lodi a wani mashru'i kan hanyar Basunda. Da aka gama girbi na roƙi wakilin gonar ya bar Baffa ya shigo da shanunsa su ci kara, ya kuwa yarda.

Ruwan wurin daga hafiri yake, babban tafkin da aka haƙa don tara ruwan damina, an kewaye shi da waya mai ƙaya. Mai gonar ya kawo injin kahraba, wato wutar lantarki, da famfo, bututun ƙarfe yana kai ruwa sansanin ma'aikata, reshe ɗaya kuma yana zuba a wani dogon kwamin ƙarfe da aka ɗora kan tsofaffin tayoyin tarakta don dabbobi. Gafir, mai tsaron injin, yana tayar da shi da hantsi na kamar sa'a guda. Kwamin yana yoyo, saboda haka gindinsa kullum laka ce, kafin azahar kuma ya tsiyaye ƙarƙaf. Wanda bai sha ba inji na aiki, sai gobe.

Mako biyu shanun suna sha lafiya. Wata safiya suka taho da gudu kamar kullum, da suka iso bakin lakar sai suka tsaya cik. Wani ɗan bijimi ya matsa, ya miƙa baki, ya taɓa ruwan, sai ya yi baya da ƙarfi kamar an mare shi. Babu kowa kusa da shi. Sauran suka kewaye kwamin daga nesa, kunnuwa a gaba, ba mai kuka. Ruwan kuwa garau, ana ganin sama a cikinsa. Kurciyoyi biyu suna zaune a bakin ƙarfen suna sha abinsu.

Gafir mutum ne mai barkwanci. Ya leƙo daga rumfar inji ya ce, "Ya Hajj, shanunka sun zama 'yan birni. Shayi suke jira."

Baffa ya ce, "Kai ka san shayi, ni na san saniya. Akwai abin da suke gani."

Ranar na yi sa'a ina wurin, na je na tsoma hannu, na ɗebo na sha. Ruwa ne kawai. Baffa ya cika jarka ya kai nesa ya zuba a tasa, shanun suka yi rububi suka shanye har suna lasar tasar. Ruwan nan ne dai, amma a can suna sha, a nan ba sa sha.

Daga ranar Baffa ya koma ɗaukar jarka. Tsoho ne mai ciwon baya, ni kuma wakili ba ya sakina da hantsi. Kafin a kashe inji bai fi jarka shida ko bakwai yake kaiwa ba, ga shanu tara, ga zafin bazara da ya tsattsaga baƙar ƙasar nan har ƙafar mutum na iya shigewa. Haƙarƙarinsu ya fara fitowa.

Rana ta huɗu na saci jiki na je. Na tarar Baffa zai yi wa ruwan addu'a. Ya cire takalminsa na taya ya ajiye gefe, kamar yadda yake yi duk lokacin da zai ambaci sunan Allah, ya taka cikin laka, ya karanta, ya yi tofi, ya sa hannu zai juya ruwan. Ya fizge hannun. Bai yi ihu ba. Ya tsaya yana kallon tafinsa.

"Ɗana, akwai wani a ciki."

"Me ka ji, Baffa?"

"Ya kama ni daga yatsu har gwiwar hannu. Ba cizo ba ne. Rawa yake a cikin ƙashi."

Na tsoma nawa hannun daidai inda ya tsoma nasa. Ban ji komai ba. Baffa ya dube ni, kallon da har yau ban manta ba, ya ce, "Kai ba ya sonka. Ni da su yake nema."

Labari ya zaga sansani. Wani ya ce a kan tsohuwar maƙabarta aka haƙa hafirin, wani ya ce mazauna bishiyoyin da aka sare ne suka rasa gida suka dawo ruwa. Ma'aikata suka daina bi ta gefen kwamin. Wani mahauci da ya biyo motar buhu daga Gadarif ya zo ya tsaya yana duban shanun, hannu a baya, ya ce wa Baffa in ya ƙara mako guda fata kawai zai saya. Na san in ya sayar, shi ke nan, gidanmu ya rabu da shanu.

Rana ta shida ya yi abin da kowane makiyayi zai yi. Saniya ba ta iya jure ƙanshin kanwa. Ya ciro dunƙulen da yake ajiya a jakarsa, ya gutsuri wani sashe ya daka, ya jiƙa a tasa, ya zuba rabi a kwami, sauran ya yayyafa a lakar da ke kewaye don ƙanshin ya ja su. Ranar ma na saci jiki na je, ni na riƙe masa tasar.

Jar saniyarsa ce ta fara motsi, uwar garken, tana da ciki. Ta shiga lakar a hankali tana lasar ƙasa, kofatanta suna nutsewa. Ta kai bakin kwami, ta tsaya, sannan ta tsoma baki gaba ɗaya.

Ba ta yi baya ba. Jikinta ya sanƙare, wutsiya ta miƙe, fatar bayanta tana karkarwa, wani gurnani yana fita daga cikin ruwan. Gwiwoyinta suka lanƙwashe ta durƙusa, wuyanta a kan bakin ƙarfen. Baffa, ƙafa ba takalmi tun da ya yi wa kanwar addu'a, ya ruga ya kama ƙahonta da kunnenta zai ja ta. Sai shi ma ya tsaya. Bakinsa a buɗe, idonsa a kaina, amma ba ya iya sakin ta, ba ya iya magana. Na yi ihu. Gafir ya firgita, ƙarar inji ta hana shi jin abin da nake faɗa, sai ya danne shi ya kashe.

Wurin ya yi tsit. A daidai lokacin Baffa ya saki, ya zube zaune cikin laka. Saniyar ta gangara gefe, ido ya juye, numfashi yana fita guntu-guntu. Baffa ya duba ta, ya miƙo mini hannu. Na gane. Na ba shi wuƙa, ya juya ta alƙibla da taimakona, ya yanka ta da kansa kafin ta zama mushe. Ranar ma'aikata sun ƙi karɓar naman.

Washegari wani usta mai gyaran wayoyin mota ya zo daga Gadarif duba injin girbi. Gafir ya ba shi labari, wannan karon ba dariya. Usta ya yi tambaya biyu kawai. Ya ce, da aka kashe inji ne ya sake su? Sannan ya dubi ƙafafuna ya ce, kai da wannan takalmin ka taɓa ruwan?

Ya ɗauko ƙwan fitila mai waya biyu da wani guntun ƙarfe. Ya sa aka nisantar da shanu, aka tayar da inji. Ya maƙala waya ɗaya a bakin kwami, ɗayar ya ɗaura a guntun ƙarfen ya soke a busasshiyar ƙasa. Ba abin da ya faru. Ya zare ya soke a laka. Sai zaren da ke cikin ƙwan ya yi ja, da rana tsaka, ba batir, ba komai, daga kwamin ruwa zuwa ƙasa. Wani ma'aikaci ya ja da baya yana salati.

Usta ya ce wa Baffa, yana kiransa baffa da Larabci, "Ya ammi, ga mutumin naka. Kahraba ce. Ita ba ta zama wuri ɗaya. Daga inji take fita, kuma dole ta koma inji, in ba ta sami hanyar komawa ba ba ta motsi. Waya ta yi rauni wani wuri, ta shiga bututu, ta zo kwami. Kwamin yana kan taya, taya ba ta ba ta hanya. Sai ta jira. Saniya ta sa baki a ruwa, ƙafa huɗu a laka, ta zama mata gada."

Baffa ya ce, "To kurciya fa? A gabana suke sha."

"Kurciya ƙafarta ba ta ƙasa. Ɗanka kuma taya ce a ƙafarsa, shi da kwamin ɗaya suke. Kai ka cire naka."

Shekaru bayan haka, a ajin karatun manya da nake zuwa da yamma, malami ya zana mana wannan zagayen a allo, ya ce kowane abu yana da irin turjiyarsa ga wuta, wani ya hana ta wucewa, wani ya buɗe mata. Na ce masa na taɓa gani.

Abin da ya biyo baya shi ne mai wuya. Usta ya ga farin da ya bushe a kan lakar ya tambaya mene ne. Na so in yi shiru, amma Gafir ya riga ya ce kanwa ce. Usta ya ce a kawo saura. Ya soke ƙarfen a busasshen wuri, ya zuba ruwa zalla, ƙwan ya yi ɗan ja kaɗan. Ya zuba ruwan kanwa a wurin. Hasken ya tashi ya yi fari.

Baffa ya daɗe yana kallon ƙwan, sannan ya ce, "Ashe ni na share masa hanya."

Usta ya ce, "Ba ka sani ba, ya ammi."

"Saniyar ma ba ta sani ba. Da ni ta yarda."

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. A bayan rumfa, inda aka ɗaure wayar famfo a jikin bututu da tsumma, ɓera ya gaigaye robar, jan ƙarfen yana kwance a kan bututun. Usta ya yanke wurin ya haɗa sabuwa, ya naɗe, ya raba ta da bututu, ya kafa dogon ƙarfe cikin laka ya haɗa shi da kwamin. Aka wanke kanwar da ta rage a kwami, aka tayar da inji, ya sake gwadawa. Ƙwan bai kama ba.

Amma shanu ba su ji bayanin usta ba. Aka koro su takwas, suka zo bakin laka suka tsaya a inda suka saba tsayawa, suna shinshinar wurin da aka yi yanka. Ruwa yana zuba, lokacin inji yana tafiya. Baffa ya yi musu kira, ya yi fito, ba wadda ta ɗaga ƙafa.

Sai ya shiga lakar ya durƙusa, gwiwa biyu da tafi biyu a ƙasa, ya sunkuyar da kai cikin kwamin ya sa baki a ruwa. Idona yana kan bayansa, ina jiran in ga rigar ta fara rawa. Ya sha, ya ɗago ya yi numfashi, gemu yana ɗiga, ya sake sunkuyawa. Bai waiwaya ba.

Can wata 'yar karsana, ƙaramar cikinsu, ta tako laka. Ta tsaya a gefensa ta shinshini kafaɗarsa, ta shinshini ƙarfen, ta taɓa ruwan da leɓe ta janye. Sannan ta mayar da baki ta fara ja. Ina jin ruwan yana wucewa a maƙogwaronta. Sauran suka biyo ɗaya bayan ɗaya har suka rufe shi, ban ƙara ganin komai nasa ba sai tafin ƙafafunsa. Gafir ya bar injin yana aiki har azahar, wakili ya aiko a tambayi dalili, ya ce a gaya masa shanu ne ke sha.