Bodil da Hasumiyar da Viggo Ya Ƙwace

Kafin motar kifi ta farko ta bar tashar jiragen ruwa ta garinmu Hvide Sande, Bodil Thorup ta riga ta dafa kofi, ta yanka baƙin burodi, ta buɗe kwamfuta a kan teburin kicin. Ba labaran duniya take nema ba, dubawa take yi ko wani baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofar zaurenmu na intanet. In ta samu, sai ta yi masa maraba, ta ba shi lambar wayarta, sannan ta hau keke ta nufi gidan kula da tsofaffi inda take wanki da guga. Shekara goma sha wani abu ke nan tana wannan tsaron ƙofa, ba ko sisi.

Zauren namu na wasan labari ne. Muna da wani tsibiri da babu shi a taswira, Tsibirin Hazo. Kowa ya ƙirƙiri mutum ɗaya a cikinsa, ya riƙa rubuta abin da mutumin ya ce da abin da ya yi, wani ya ɗora daga inda ya tsaya. Ɗaki biyu ne: a na farko kai ne kai, kana iya kukan ciwon gwiwarka, a na biyu kai ne mutuminka. Doka kuwa guda ce, hannunka a kan mutuminka kaɗai. Kana iya kai duka, amma mai jiki ne zai faɗi ko ya same shi.

Ni mai wannan rubutu ban gama firamare ba, teku ce ta karantar da ni. Sau biyu jirgi ya nutse da ni, sau biyu na fito ina tambayar wa ke da taba. Yini guda na ƙware a zauren, kuma har gobe babu wanda ya kai ni iya rubuta guguwa. Amma yau kaina a sunkuye yake, domin ni na kawo Viggo.

Viggo tsohon kyaftin ɗina ne. Tun da matarsa ta rasu ba shi da aiki sai kallon taga. Bodil ta kira shi a waya kamar yadda take yi wa kowane sabo.

"Viggo, ka buɗe kunne, doka ɗaya ce tal."

"Haba yarinya! Shekara arba'in ina ba ƙarti umarni a tsakiyar teku, wasan yara ne zai gagare ni?"

"Na ji, Kyaftin. Ka dai fara gaisawa a ɗakin farko."

Bai gaisa ba. Kai tsaye ya faɗa ɗaki na biyu da wani ɗan fashin teku da ya raɗa wa suna Torden. A tsibirin akwai hasumiyar da ke haska wa jirage hanya, mai kula da ita sunanta Sunniva. Wata mata ce a garin Aalborg ke rubuta ta, Rikke, wadda babu wanda ya taɓa ganin ta cikinmu sai Bodil. Viggo ya zauna da yatsa ɗaya ya tsara: Torden ya fasa ƙofa, ya hau bene, Sunniva ta durƙusa tana roƙonsa, ya ɗauke ta ya wurga teku, ta mutu, hasumiya ta zama tasa.

Can Rikke ta rubuta a ɗakin farko: "Na gode da zaman da muka yi. Ku huta lafiya." Sunanta ya ɓace daga zauren.

Viggo kuwa ya same ni a bakin tasha yana buɗa kafaɗa. "Ka ga shigar maza, tsohon banza? Ku kun shekara kuna zagaye hasumiya, ni na ci ta kafin kofina ya huce."

Jama'a suka yi ca a kan Bodil: a kore shi, a goge rubutun. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce gogewa ba za ta fitar da abin daga idon Rikke ba, kora kuma za ta mayar da tsoho bakin taga. Ranar Lahadi sai ta gayyace shi shan kofi, ta ce in rako shi.

Ya shigo yana ƙamshin turare, a zatonsa yabo za a yi masa. Bodil ta yanka masa kek, ta juyo da kwamfuta. "Idonka ba ya son ƙananan baƙi, bari in karanta maka."

Ta fara daga tsofaffin rubuce-rubucen Rikke. Sunniva na hawa bene da tulun man fitila a kafaɗa, tana tsayawa ta huta a inda matakalar ta lotsa. Sunniva na hawa bene ranar ƙanƙara ba takalmi, don ta ji sanyin dutse a tafin ƙafa. Sunniva na saukowa da gudu don kawai tana iyawa.

"Kai, wannan ba ta da zance sai bene?" in ji Viggo da kek a baki.

Bodil ta dube shi. "Ba sirri ba ne, ta sha faɗa a ɗakin farko, inda ka ƙi shiga. Rikke a keken guragu take, Viggo. Tun da ta yi hatsari ba ta ƙara taka matakala ba, sai wannan."

Na ga Viggo ranar da igiyar ruwa ta share mana ɗakin tuƙi, ko gezau bai yi ba. Ran nan kuwa sai ya ajiye kek ɗin. Kunnuwansa suka yi ja, ya rasa inda zai ajiye hannuwansa, ya cusa su ƙarƙashin tebur.

"Har na sa ta durƙusa," ya ce a hankali. "Ki rubuta mata ki ce tsoho ya rikice."

"A'a. Yatsan da ya yi ɓarnar yana nan."

Kofi ya huce, ta sake dafawa, ya sake hucewa, Viggo yana dangwala baƙi ɗaya bayan ɗaya. Ba ta gyara masa ko harafi ba. Abin da ya rubuta a ɗakin farko shi ne: "Rikke, ni ne Viggo. Na taɓa abin da ba nawa ba. Ke kaɗai kika san abin da ya sami Sunniva. Ga Torden nan na ba ki, in kin ga dama ki nutsar da shi." Bodil ta aika mata.

Makonni suka wuce shiru. Viggo ya daina zuwa tasha, in ya hango ni sai ya tsallaka titi. Bodil kuwa duk ranar hutunta sai ta kira Rikke, su yi hirar yanayi da tsadar man shanu, ba ta taɓa ce mata ta dawo ba.

Wata safiya sai ga rubutun Rikke a ɗaki na biyu. Sunniva ta fito daga ruwa da ciyawar teku a gashi, ta tarar da Torden yana minshari, ta kama kunnensa ta ce, "Tun da kana son hasumiya, ɗauki tulun nan. Ka kula da inda matakala ta lotsa." Har yau Torden dakon mai yake yi, kuma Viggo ba ya rubuta cewa ya hau bene sai ya tambayi Rikke.

Bodil, ke ce ƙofar da ba ta taɓa maƙale wa kowa ba. Watan nan kika ce za ki ajiye aikin saboda yatsunki sun kumbura, rubutu ya zame miki azaba. Sai a lokacin muka sani. Mu da muke cika ɗakin farko da kukan gwiwa da baya, babu wanda ya taɓa cewa, Bodil, ke fa? Wannan kunya tamu ce baki ɗaya, kuma gwanin guguwa bai fita daga ciki ba.

Mun gode, Allah ya huci gajiyarki. Ku kuma masu irin wannan zaure a ko'ina, kada ku bar sabo ya shigo shi kaɗai, kada ku yi saurin korar wanda ya yi ɓarna da rashin sani. Mu dai ƙofarmu ta sami mai tsaro: Rikke ce ta karɓa. Jiya ta kira wani baƙo a waya, ya fara yi mata cika baki, sai ta ce masa, "Dakata, bari in haɗa ka da Viggo."