Na Je Jibiya Neman 'Yar Ruwa, Na Tarar da Matar Kawuna

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da wata ƙawata da mijinta, wanda yake da harkar buhunan barkono a Jibiya. Masu bibiyar rubutuna sun san abin da ya kai ni. Littafina na masuncin nan da 'yar ruwa ta aura ya karɓu fiye da zatona, kuna ta neman kashi na biyu, ni kuwa ban taɓa ganin ruwan da na gina labarin a kansa ba. Teku na rubuta, da igiyoyi da fadar murjani a ƙarƙashi, alhali babban ruwan da na sani shi ne na Tiga, shi ma ta tagar mota.

Har Katsina hanya lafiya lau. A Kankiya muka karya da waina da miyar taushe, mai wainar tana ta ba mu haƙuri wai shinkafa ta yi tsada, shi ya sa wainar ta rame. Daga Katsina ne tafiya ta koma ta hawainiya. Kafin ka gama amsa gaisuwar jami'an tsaro a shinge ɗaya ka hango na gaba. Mijin ƙawata ya ce, da a ce da murmushi ake biyan kuɗin hanya, da ya isa Jibiya ba haƙori ko ɗaya.

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga gari. Suka sauke ni a Magama, bakin iyaka, inda manyan motoci ke jere, 'yan canji na kaɗa saifa da naira, kowa na "mi kika so, Hajiya?" A can matar kawuna take soya kifi. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, masunci, ya rasu a dam ɗin Jibiya ina 'yar firamare. Tun ina ƙarama nake jin ana cewa 'yan ruwa ne suka ɗauke shi. Daga nan na samo labarina. Sunansa na gaskiya na saka, da sunan unguwarsu, don ya yi daɗin faɗa. Na ba shi mata mai mita da ƙazanta wadda yake gudu, na ba shi 'yar ruwa mai gashi har gadon baya, na kuma rubuta abin da ke gudana tsakaninsu, shafukan da ba zan iya karantawa a gaban mahaifiyata ba. Da sunan aro nake rubutu, sai na ɗauka na ɓuya.

Inna, haka muke kiranta, ta rungume ni tana ƙanshin man gyaɗa da hayaƙi. Ta zaɓo mini tarwaɗa mafi girma, ta barbaɗa yaji, ta hana ni taɓa jaka. Da na ce ina son ganin dam, sai ta bar wa maƙwabciyarta kasko, ta yafa mayafi, muka hau babur mai ƙafa uku.

Ruwan ya ja baya sosai. Ba igiya, ba shuɗi, sai laka da sawun shanu, da kwale-kwale biyu a kife, da masu noman rani suna jan ruwa da inji. Na fito da waya ina ɗaukar hoto. Inna ta nuna wani wuri kusa da duwatsu.

"Nan aka hiddo shi," ta ce. "Kwana ukku ina zamne nan. Komarshi ta naɗe mashi ƙahwa."

Na ce, "Inna, ashe an ga gawarsa?"

"An gani mana, ɗiyata. An yi mashi sutura. Zancen 'yan ruwa na masu zaman banza ne."

Sannan ta ba ni labarin da ya sa na mayar da wayar jaka. Watannin baya ta shiga motar Maraɗi za ta gaida 'yar'uwarta. Direba ya kunna irin littattafan nan da ake karantawa a murya. Tana zaune a tsakiyar maza sai ta ji sunan mijinta, da sunan unguwarsu. Ta ji an ce da ƙafarsa ya bi wata mai jelar kifi saboda ya gaji da matarsa. Ta ji sauran. Fasinjoji na dariya, wani na cewa a ƙara murya. A Ɗan Isa ta ce a sauke ta, ta tsaya bakin titi har wata motar ta zo.

"Shekara goma sha ɗaya muna tare, bai taɓa kwana da hushina ba," ta ce. "Ban san wadda ta rubuta ba. Amma ta san mu."

Da na iya yin shiru, ba za ta taɓa sani ba. Amma na ce, "Inna, ni ce."

Ta daɗe tana kallona. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Da kin tambaye ni, da na ba ki labarinshi. Ya hi wanga daɗi." Ta juya ta nufi inda mai babur ke jira.

Na roƙe ta gafara a hanya, na sake roƙo a gaban kaskonta. Ta ce ta yafe nata, na mamaci kuwa sai in yi ta yi masa addu'a. Ta ƙulle mana kifi a takarda, ta ce in gaida yayarta, wato mahaifiyata, ta kuma ce mu kama hanya kafin la'asar, don hanyar ba ta yamma ba ce.

Mun shigo Kano ana kiran magariba. Kafin in cire mayafi na sauke littafin daga duk inda na saka shi a intanet. Sai dai muryar tana wayoyin da ban san adadinsu ba, har tsallaken iyaka, kuma ba ni da hannun da zai kai can. Ba kashi na biyu, ku yi haƙuri. Abin da na koyo a Jibiya shi ne, duk sunan da ka ɗauko don ya ƙawata maka labari, akwai wadda ta zauna kwana uku a bakin ruwa tana kiransa.