Tsallaken da Abdulgani Ya Yi a Kalgo

Hassan masunci na Kalgo shi ya fara ba ni labarin Abdulgani, tun ban taɓa sa shi a ido ba. Daga baya munka yi iyakar gona da Abdulganin a Kambaza, na ji saura daga bakinai. Gyara zama ki rubuta, amarya.

Ɗan Delu mai suyar kifi ne, ubanai ya rasu da wuri. Kai gare shi, har Turawa sunka ɗauke shi daga Zariya zuwa babbar makarantar Badun, 'yan shekaru kafin su bar ƙasar. Ba likitanci yake karantawa ba. Wai sanin abin da ke cikin jini da nono da fitsari, da yadda tuwo ke komawa tsoka. In an tambaye shi sai ya yi ta bayani da hannu, tsofaffi na kallon juna.

Wani hutun damina ya dawo Kalgo ya iske Larai, ɗiyar maƙwabcinsu, kwance, idanu sun yi ɗorawa. Ya roƙi ubanta ya ɗebi jininta kaɗan a 'yar kwalba, ya ce za ya kai ma malamanai su duba. Ba a jima ba ciwo ya tsananta, yarinya ta shiga sambatu tana kiran sunanai. Mata sunka ce to ga ta nan, mai tara jinin mutane a kwalba wane suna gare shi in ba maye ba? Ga shi an ce maita a nono ake shan ta, sai magana ta hau kan Delu da ƙanwatai Jummai.

Dangin yarinya sunka cika ƙofar gida, sunka ce ya fito ya tsallake ta kamar yadda ake sa wanda ake zargi, in shi ya kama kurwarta ya saki. Ya ce ba ya yin wanga shirme. Delu ta riƙe mai riga.

"Ɗan nan, tsallaka kawai. In ta mutu ba ka tsallaka ba, ina za mu sa kanmu?"

Ya tuɓe riga da takalmi ya tsallake ta, gari na kallo.

Sai Larai ta warke. Ciwon shawara ne, lokacin tafiyatai ya yi, shi ya sani, amma wa za ya gaya wa? Warkewar nan ita ta gama da su, don kowa ya ce ai an gani da ido. Kifin Delu ya riƙa kwantai har ya ruɓe. Masu neman auren Jummai sunka janye. Dole sunka kwashe kaya sai Kambaza a ƙasar Gwandu. Bai koma Badun ba, don babu mai noma ma uwatai. Noman ma bai iya ba, layin geronai duk a karkace, muna ta yi mai dariya.

Da Delu ta kwanta ciwon ajali ta aike shi Kalgo wurin ƙanwarta, wadda tun ranar tsallaken ba ta ƙara sa hannu a ƙwaryarta ba. Ta ce ya gaya mata ta zo su ci tuwo akushi ɗaya, ba ta son komai ban da haka. Ya tafi har bakin gari. Wata mata a bakin rijiya ta gane shi, ta ja ɗanta ta rufe da zane. Ya daɗe tsaye, sannan ya juyo. Ya ce ma Delu bai iske ta gida ba, za ya koma ranar kasuwa.

Delu ba ta kai ranar kasuwa ba. Shi kuwa har ya bar duniya bai ƙara taka Kalgo ba, ƙanwar Delu ba ta taɓa jin an aiko kiranta ba.